Babur Na Farko Ga Falke: 110, 125 Ko 150?

 Sanin kowa ne cewa a yau babu mai harkar shanu tsakanin Sokode da Dapango da zai ce ba ruwansa da babur. Tirela ce ke kai dabba kasuwar Adetikope kusa da Lome, amma kafin dabba ta hau tirela sai an je ruga an gan ta, an yi ciniki, an koma an kai kuɗi, an bi 'yan kore an ga inda suka kwana. Duk wannan kai da kawowa a kan babur ake yin sa. Shi ya sa tambayar da samarinmu na nan Kpangalam suka fi yi mana, da zarar ɗayansu ya haɗa ɗan jarinsa, ita ce: Alhaji, wanne zan saya, 110 ko 125 ko 150? Mun ga ya kyautu mu amsa ta a wannan shafi gaba ɗaya, don wanda bai tambaya ba ma ya ƙaru.

Maganar ba ƙarama ba ce. Kuɗin babur sabo kuɗin babban sa ne, wani lokaci har da ciko. Yaron da mai gidansa ya sallama da jarin shanu uku, in ya sa ɗaya a babur, to kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ke nan ya hau kan taya biyu. In injin ya yi masa ƙanƙanta, cikin damina ɗaya zai kashe shi ya koma neman aro. In kuma ya fi ƙarfinsa, ko dai mai ya cinye masa la'ada, ko kuwa, Allah Ya kiyaye, a je duba shi a babban asibitin Sokode ko na Kara da ƙafa a ɗaure. Kuma babur ba karsana ba ne da za a ce in an ajiye shi zai yi ƙiba ya ƙara kuɗi. Tun ranar da ya bar shago yake raguwa.

To da farko, mene ne wannan lamba da ake rubutawa a gefen babur? A cikin inji akwai wani bututu da ake kira silinda, a cikinsa fistin ke hawa da sauka yana zuƙar iska da mai. Yawan abin da yake iya zuƙa a sauka ɗaya shi ake aunawa da sisi, watau cc. Lita ɗaya sisi 1,000 ce. Ke nan in ka ɗauki kwalbar lita ɗaya ta masu sayar da mai a bakin hanya ka raba ta gida takwas, kashi ɗaya shi ne cikin injin 125. Tsakanin 110 da 125 kuwa bambancin sisi 15 ne kacal, misalin cokalin cin abinci ɗaya. Mai karatu zai ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne a cikin silinda ba shi da yawa, amma masu ƙera babur su kan gina sauran jikin gwargwadon injin: ƙarfen gindi, tanki, taya, giya da birki. Saboda haka in ka zaɓi lamba, siffar babur gaba ɗaya ka zaɓa.

Dattawanmu da suka hau Yamaha Mate ko Suzuki AX100 a da su kan ce ai ɗari ta ishi kowa, mu da ita muka yi Kara muka yi Basar. Sun yi gaskiya, amma waɗancan injuna masu hayaƙi ne, masu ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wuta na kamawa a cikinsu a kowane juyi. Na yanzu sai an yi juyi biyu wuta ke kamawa sau ɗaya. Don haka ɗari ta da ta fi ɗari ta yanzu zafin tashi, ita kuma ta yanzu ta fi ta tsimin mai da daɗewa. Kada a auna su da mudu ɗaya. Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna yadda aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, shanunmu suka yi daraja a kasuwannin bakin teku amma babur ɗan Japan ya gagari talaka. Sai da na Sin da na Indiya suka shigo daga baya, irin su Sanya da Haojue da Apsonic da Bajaj da TVS, sannan babur ya zama abin da ɗan kore ma ke iya mallaka.

Amma fa arha ta zo da nata. Lambar da ke manne a jikin roba takarda ce, kowa na iya liƙa ta, musamman a babur na hannu da aka yi wa sabon fenti. Abin da ba ya ƙarya shi ne rubutun da aka buga a jikin ƙarfen injin, galibi ta ɓangaren hagu kusa da sandar giya. A injunan Sin za ka ga wani abu kamar 152FMH ko 157FMI ko 162FMJ. Harafin ƙarshe shi ne ke faɗin girman: G ɗari ne, H 110, I 125, J 150, L kuma 200. A gindin silinda ma sau da yawa akan rubuta adadin sisi a fili. Duk wanda aka ce masa ga 150 ya duƙa ya ga I, to ya san 125 ake son sayar masa da kuɗin 150. A kuma gwada lambar injin da ta ƙarfen gindi da abin da ke cikin takardun babur, su zo daidai harafi da harafi. Mu da ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora, bai kamata a ce babur ne za mu saya da ganin fenti ba.

Yanzu sai mu zo kan su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin, watau 100 zuwa 110 mai roba a gaba wanda ba shi da kuloci a hannu, ba abin rainawa ba ne. Nauyinsa bai cika wuce kilo 100 ba, misalin buhun masara. Ko yaro ya koye shi cikin kwana biyu, don ba ya mutuwa a hannun ɗan koyo wajen tashi. Lita ɗaya ta kan kai shi wajen kilomita 50 in hanya mai kyau ce. Dillalin da aikinsa daga gida zuwa kara, daga kara zuwa mayanka, daga nan zuwa banki ko tasha, bai da dalilin wuce wannan. Haka dattijon da gwiwa ta fara ciwo. Ko Camba ce, wadda ba ta kai kilomita 40 daga Sokode ba, zai je ya dawo lafiya lau.

Inda yake gazawa shi ne doguwar hanya da kaya. Daga Sokode zuwa Dapango ya ɗan gaza kilomita 300, tankin irin wannan babur kuwa wajen lita 4 yake ci. Ke nan kafin ka isa Mango dole ka tsaya neman mai, in kuwa ka ratse cikin daji dole ka ɗauki jarka. Ga hawan Alejo kafin Bafilo, ga na Defale bayan Niamtugu. Ko da yake an yi hanyoyin kewaye, har yanzu hawa hawa ne. Mutum biyu manya da buhun dusa a kan 110 a irin wannan wuri, sai ka ji injin na kuka a giya ta biyu. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su. In babur na tafiyar hawainiya kuma an murɗe masa wuta har ƙarshe, zafi na ƙaruwa iskar da za ta sanyaya shi na raguwa. A nan ne ringi ke ƙonewa, a fara ganin farin hayaƙi a babur ɗin da bai shekara ba. Ga shi kuma cikinsa a ƙasa yake, kututture ko dutsen hanyar ruga na iya fasa gindin injin.

Don haka ga saurayin da zai riƙa shiga ruga, yana bin kasuwanni daga Camba zuwa Ketawo zuwa Mango, mu dai shawararmu 125 mai tanki a gaba. Ba mu faɗi haka don tana tsakiya ba. Dalilinmu na farko tarihin injin ne. Yawancin 125 da ke yawo a ƙasashen nan 'ya'ya ne ko jikokin Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975. Kamfanin ya ƙera shi ne bayan ya lura cewa a ƙasashe irin namu ana ɗora wa babur kaya fiye da kima, kuma ba a canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta. Sai suka yi inji mai sauƙin haɗi wanda zai jure wannan wulaƙanci. An daɗe ana kwaikwayonsa. Amfanin wannan gare mu shi ne babu wani bakanike daga Komah zuwa Sinkase da bai san cikinsa ba kamar yunwar cikinsa, kuma fulogi da ringi da faifan kuloci da sarƙa na wani kamfani sau da yawa su kan shiga na wani. Babur ɗin da ya lalace maka a ƙauye bayan Gando ranar kasuwa, kana ɗauke da kuɗin mutane a ƙugu, ba ƙarfin injinsa ne zai fid da kai ba. Abin da zai fid da kai shi ne a sami kayansa a rumfar da ta fi kusa kafin rana ta faɗi.

Dalili na biyu, tankinsa ya kan ci lita 10 ko fiye, lita ɗaya kuma ta kan yi kilomita 40 zuwa 45. Watau ka cika a Sokode ka sauka Dapango da saura. Na uku, ƙarfinsa ya isa ya ɗauki mutum biyu, ko mutum ɗaya da gishiri da kanwa da ƙullin magani, amma bai kai ya ƙwace wa ɗan koyo ba in hannunsa ya kuskure. Nauyinsa wajen kilo 110 zuwa 120, wanda namiji ɗaya ke iya tayarwa in ya kwanta masa a yashi ko a laka. Duk wanda ya taɓa bin fadamun kogin Oti a watan Agusta ya san ba a tambayar ko babur zai kwanta, sai dai sau nawa.

To 150 fa? Yana da nasa wurin, ba mu hana ba. Mutumin da jikinsa ya cika, wanda kullum da yaro a bayansa da kaya a kariya, ko mai kwasar raguna biyu-biyu gab da Layya, ko mai yin Sokode zuwa Sinkase duk mako, zai ji daɗinsa. Boxer BM150, alal misali, yana ba da ƙarfin doki wajen 12, alhali ƙanensa na ɗari wajen 8 yake bayarwa, kuma a hawan Defale wannan bambanci ba ya ɓuya. Amma wannan babur na biyu ne, na wanda hannunsa ya faɗa. Matsalarsa ga ɗan koyo ita ce yana kai gudu 90 ba ka sani ba, birkin kuwa a yawancin masu arha irin na ganga ne, bai fi na ƙaramin da wani abin kirki ba. Ga wani lissafi da ya kamata kowane saurayi ya haddace: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka yi kafin birki ya tsayar da kai ninkuwa yake yi sau huɗu. A kan babbar hanya ta ɗaya kuma ba kai kaɗai ba ne. Ga tirelolin Burkina da Nijar daga tashar jirgin ruwan Lome, ga awaki, ga garken da mu da kanmu muke tsallakarwa. Dabba mai rai da aka ɗaure a baya ma ba kamar buhu take ba. Rago na iya zabura a tsakiyar kwana, kuma gwargwadon gudunka gwargwadon abin da zai biyo baya.

Akwai kuma maganar mai. A ce kana yin kilomita 300 a mako, watau wajen 15,000 a shekara. Babur mai yin 45 a lita zai sha lita 330 da 'yan kai, mai yin 35 kuwa zai haura 420. Kusan lita 100 ke nan a tsakaninsu, sai kowa ya buga da kuɗin lita na yau ya ga la'adar shanu nawa ce. A da ana iya cewa ai man bakin hanya arha ne, to tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023 wannan arha ta yi ƙaura.

Wani abin da samari ba su sani ba shi ne, sau da yawa ƙarfin ja da suke nema a babban inji ana samunsa a wajen bakanike da kuɗi kaɗan. Farantin haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya, in aka sa wanda ya fi haƙori biyu ko uku, babur zai rage gudu a kwalta amma zai ƙara jan kaya a hawa da yashi. Ga mai shiga ruga wannan ciniki ne mai riba. Haka nan a duba wili: mai waya in ya faɗa rami ya lanƙwashe ana miƙe shi a kowane ƙauye, na zubi kuwa in ya tsage sai sabo. A duba shakazoba ta baya, a duba kaurin kariya, a duba tsayin cikin babur daga ƙasa. Babur 125 da ya cika waɗannan ya fi 150 na gayu da aka yi don titunan Lome. Kakanninmu da suka bi wannan hanya da goron Gwanja, suka yada zango a inda har yau ake kira Sansanin Mango, sun san doki ya fi jaki kyan gani, amma a kan jaki suka ɗora dukiyarsu.

Sai wata magana da dole mu faɗe ta ga masu tsallaka iyaka, ko da ba ta da daɗin ji. A 'yan shekarun nan babban babur ya zama abin zargi a arewa. Nijar ta hana hawan babur a jihar Difa a 2015, ta kuma hana a sassan Tilaberi a farkon 2020. A tsakiyar 2022 hukumomin Burkina Faso suka dakatar da shigo da manyan babura irin su Aloba da Sanili da Fortune da kuma sayar da su, suka hana hawansu a wasu yankuna, saboda irinsu ne 'yan bindiga ke amfani da su. A nan Togo ma, bayan hare-haren da aka fara a yankin Kpenjal a ƙarshen 2021, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a watan Yuni 2022, aka kuma yi ta tsawaita ta. Baƙon mutum a kan sabon babban babur, da jarkar mai a baya, da damin kuɗi a jiki, ya doshi Kunjoware ko Manduri, shi ya san tambayoyin da zai amsa a kowane shinge. Irin waɗannan dokoki su kan canza, don haka kafin ka sayi wani samfuri ka tambayi mai gidanka na can ƙetare ko ana barinsa ya shiga kasuwarsu a yanzu. Kuma ɓarawon hanya ma da babban ya fi so.

Na 200 zuwa sama ba ma sai mun ɓata tawada ba. Ba na farko ba ne, kayansa kuma sai an aika Lome. Wanda buƙatarsa ɗaukar maruƙa da buhunan ƙwayar auduga ce, to mai ƙafa uku ya kamata ya nema, ba ya azabtar da mai ƙafa biyu ba. Na lantarki da kamfanin Spiro ya fara kawowa Togo a 2022 ba su da sisi ko kaɗan, batir ake musanyawa, kuma mai shiga ruga sai ya fara tambayar inda zai musanya nasa.

Ko wanne aka saya, a ware kuɗin takardu tun kafin a shiga shago: lamba, inshora, lasisin tuƙi na rukunin A, da hular kwano mai kyau, ba irin wadda ake sawa don ɗan sanda ba. Mai fita ƙasashen ECOWAS ya tambayi kamfanin inshora katin nan mai ruwan ƙasa, wanda hedkwatarsa ma a Lome take. Mai zuwa Burkina ko Nijar kuwa, tun da sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu 2025, ya tambaya abin da ake karɓa a iyaka yanzu. Gara 110 da cikakkun takardu da 150 da zai kwana a ofishin jandarma. Sabon inji kuma a lallaɓa shi kilomita 1,000 na farko, ba gudu ba kaya mai nauyi, a zubar da baƙin man farko da wuri. Baƙin man nan wajen lita ɗaya ne kawai a ciki, ba shi da mataimaki. In hunturu ya shigo, musamman daga Mango zuwa sama, a riƙa buɗe matatar iska ana wankewa, don ƙura ta fi kaya saurin cinye silinda.

Ranar saye, ka tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka, ba abokin da zai yaba fenti ba. Ka zauna a kai ka ga ƙafafunka biyu sun taka ƙasa sosai. Ka ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya ka sauke da kanka. In mai shago ya yarda, a kwantar da shi a hankali a kan buhu ka gwada tayar da shi kai kaɗai, don a bayan Barkwasi ba za ka sami mai kama maka ba. In na hannu ne, a tayar da shi da safe yana sanyi, a saurari ƙarar kan injin, a sa farin ƙyalle a bakin salansa a ga abin da zai fito, sannan ka ɗauki mutum mai nauyin wanda za ka riƙa ɗauka ku hau tudu mafi tsayi da ke kusa.